Wace kwamfuta za ka saya wa ajin koyon Python da Git?

Ajin masu fara koyon rubuta manhaja ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Python, yaren da ake rubuta manhaja da shi, ba ta da nauyi, Git kuma, mai adana tarihin sauye-sauyen aiki, tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005 yake aiki ko babu intanet, sai an zo tura aiki shafin GitHub ake taɓa data. Abin da ke cinye RAM, ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, shi ne VS Code, manhajar da ake rubutun a cikinta, da burauza a buɗe lokaci guda, don haka kada ka yarda da ƙasa da RAM 8GB da SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri.

Ni dai zaɓina ThinkPad T480 ta hannu, wadda Lenovo ya fitar a 2018. Batura biyu take ɗauka, na ciki da na waje da ake zarewa a sauya tana kunne. Duk malamin da aka taɓa ɗauke wa wuta ɗalibai na tsakiyar haɗa reshen aikinsu na farko a Git ya san darajar wannan. Gurbin RAM biyu gare ta, ana iya ƙari daga baya, madannanta kuma na jure hannun ɗan koyo mai dukan Enter da ƙarfi.

HP EliteBook 840 G5 ba laifi idan ta fi araha. Chromebook sai ka sha fama da kunna Linux, babbar manhaja irin Windows, a kowace ɗaya. Sababbi masu ƙaramin processor na Celeron da RAM 4GB kuwa, kwalinsu ne kawai mai kyau.

Wajen ciniki ne ake cin mutane. Sitikar Core i7 liƙa ta ake yi, buɗe Task Manager na Windows ka karanta sunan processor, wato injin kwamfutar, da idonka. Akwai T480 masu processor i5-7300U, waɗanda ba sa cikin jerin da Windows 11 ke karɓa, alhali Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Nemi lambar da ta fara da 8, kamar 8250U. Rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt na Windows ka tabbatar baturan biyu na nan kuma da sauran rai a jikinsu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne BIOS mai kulle, wato saitin tushe da kwamfuta ke tashi da shi. Wani dillali ya taɓa haɗa ni da irin su, tsofaffin kayan ofis masu kalmar sirrin da babu wanda ya sani, na kasa ɗora wa ɗalibai Linux daga filashi, da na koma ya ce ai a haka ya sayo su. Danna F1 ThinkPad ɗin na tashi don shiga BIOS, ka sauya wani saiti ka adana a gaban mai sayarwa. Idan ta ƙi, mayar da kuɗinka aljihu, ko da ya rantse za a buɗe maka gobe.