Gwajin DNA don bin sawun Turawan farko: wanne za ka saya?

Toh kafin ka tura dalarka, ka san cewa kamfanonin gwajin DNA ba kaya ɗaya suke sayarwa ba. Yawancin Turawan yau gaurayen jini uku ne, mafarauta da suka fara zama, sai manoman da suka shigo daga Anatoliya wato Turkiyya ta yanzu kusan shekara 8,000 zuwa 9,000 da suka wuce, sannan makiyayan Yamnaya daga arewacin Bahar Aswad wajen shekara 5,000. Cikin mafarautan nan akwai Cheddar Man na Ingila, mai shekara kusan 10,000, wanda binciken 2018 ya nuna fatarsa mai duhu ce idonsa kuma shuɗi.

AncestryDNA sun fi kowa yawan mutane a rumbunsu, in dangi kake nema nan ne wajen, ka tofa yawu a ɗan bututu ka aika shikenan. Amma kason asalin jini da suke ba ka bai wuce ƴan ɗaruruwan shekaru ba, ba ya kai ka wajen Yamnaya.

23andMe na nuna layin uba da na uwa har da ɗan abin da ka gada daga Neanderthal, wato wani jinsin mutanen da can da ya ɓace, gaskiya yana da daɗin dubawa, sai dai a 2023 an saci bayanan mutane kusan miliyan 6.9, a 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar karyewar arziki, ni dai sai na yi tunani sau biyu.

Ni FamilyTreeDNA zan zaɓa, su goga cikin kumatu ake yi, kuma suna raba maka kason mafarauci da manomi da mutanen zamanin ƙarfe irin su Yamnaya. Babban gwajinsu Big Y-700 akwai tsada ba wasa amma shi ke bin layin uba tun can can, kuma nan ne abin ya shafe mu, domin layin uba mai suna R1b da ya cika yammacin Turai yana da reshe V88 da ake samu a wajen Hausawa da arewacin Kamaru da Chadi, an kuma same shi a tsofaffin ƙasusuwan Turai.

Mata ba su da Y, wato ƙwayar gadon da namiji ke samu daga ubansa, don haka Hajiya sai ki sa baba ko yayanki namiji ya yi, ke kuma ki yi na layin uwa. Sannan a tambayi kuɗin aikowa da mayarwa tun kafin a biya.