Rye IPA na Amurka ko Roggenbier na Jamus?

Duka biyun giya ce da ake yi da hatsin rai (wato rye, wani hatsi ɗan uwan alkama) amma a baki kam ba su haɗa hanya ba. Na fara da Hop Rod Rye, Rye IPA ce ta California (IPA nau'in giya ce mai ɗaci sosai), ƙarfinta kashi 8 cikin ɗari, kalarta ja mai duhu kamar shayin da ya daɗe kan wuta. Tun kafin kofi ya iso baki ƙanshin ɓawon lemo ya bugi hancina, kurɓar farko kuwa ɗacin hops, furen da ake sa wa giya don ɗaci da ƙanshi, ya kama harshe ya ƙi saki, can baya sai wani ɗan yaji-yaji kamar masoro ya biyo, to wannan aikin hatsin rai ne. Rabin kwalba kawai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, ba ta son gaggawa sam.

Roggenbier ta yankin Bavaria a Jamus ita ba ruwanta da faɗa. Ƙarfinta wajen kashi 5, gurɓi-gurɓi take, ga kauri a baki, yis ɗinta na giyar alkama ne shi ya sa take ƙanshin ayaba da kanumfari. Ɗaci ɗan kaɗan.

Ni dai in akwai gasasshen nama mai maiƙo a gabana ta Amurkan zan ɗauka, ɗacin nan yana wanke kitse tas.