Das Boot: awa uku da rabi a cikin jirgi mai nutso

Makon jiya na leƙa wajen wani yaro mai tura finafinai a kusa da Terminus a nan Jos, na ce ya samo min fim ɗin yaƙi amma banda irin wanda jarumi ɗaya zai karkashe mutum ɗari ko ƙwarzane bai samu ba, sai ya ce yaya akwai wani tsohon fim na Jamusawa amma fa dogo ne, kar ka dawo ka ce na cuce ka. Das Boot sunansa. Ya tura min a filashi, kuma aikinsa ya yi kyau, hoto tas sauti tas.

A 1981 ya fito, Wolfgang Petersen ne darakta, an ɗauko shi daga littafin Lothar-Günther Buchheim wanda shi da kansa ya taɓa bin jirgin yaƙin Jamus mai nutso da aka yi labarin a kansa, U-96, a matsayin ɗan jaridar soja. Labarin a ƙarshen 1941 ne, sun tashi daga La Rochelle a Faransa suna farautar jiragen da ke kai wa Ingila kaya. Tun farko za a rubuto maka cewa cikin mutum 40,000 da Jamus ta tura a irin waɗannan jiragen, 30,000 ba su dawo ba. Da wannan a ranka za ka yi kallon.

Mutum wajen hamsin a wuri kamar cikin tankar mai, banɗaki ɗaya, burodi ya yi funfuna, gemu ya cika fuska, wallahi har ji kake kamar warin dizal da zufa na fitowa daga talabijin, ni da sanyin Jos ya sa na lulluɓa da bargo sai da na yaye shi. Inda ya fi taɓa ni shi ne lokacin da jirgin yaƙin Ingila ke yawo a samansu, kowa ya yi tsit, ana jin ƙarar na'urar da ke lalubensu tana matsowa, ba mai iya komai sai jira. Duk wanda ya taɓa zama a ɗaki da iyalinsa lokacin rikicin garin nan, an kashe fitila ana kasa kunne ga abin da ke faruwa a waje, ya san wannan shirun, ba sai an fassara masa ba.

Kuma fim ɗin bai wanke su ba. Sun harbi wani jirgin ruwa na dakon mai, ashe akwai mutane a ciki, suna faɗowa ruwa wuta na cinsu suna iyo zuwa wajensu, kyaftin ɗin (ɗan wasa Jürgen Prochnow ne ya fito a matsayinsa, idonsa kaɗai ya isa) ya sa a ja da baya aka bar su. Yaƙin Hitler suke yi, wannan ba musu, amma a mashigin ruwan Jibralta, tsakanin Sifaniya da Maroko, da jirgin ya nutse har mita 280 ƙusoshi na ɓallewa ruwa na shigowa, sai na tsinci kaina ina fatan Allah Ya sa injin ya tashi. Abin ya dame ni har washegari.

Matsalarsa, awa ɗaya ta farko tana tafiyar hawainiya, matata a nan ta tashi ta kwanta. Shagalin mashaya da aka buɗe da shi ma bai dace da yara ba, a kiyaye. Sannan wanda na samu ba mai fassarar Hausa ba ne, Jamusanci suke yi rubutu na fitowa da Turanci.

In za ka karɓa ka ce a ba ka dogon, mai awa uku da rabi, wanda daraktan ya sake haɗawa ya fitar a 1997, kuma don Allah kar ka kalla a waya, duhu ya yi yawa ba za ka ga komai ba. Ka jona a talabijin da sifika mai kyau, da daddare, bayan yara sun yi barci.