Sharhi kan tashar Jamarat ta jirgin Masha'ir, don alhazan Maraɗi

Jirgin ƙasan da ke jigilar alhazai tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa ya fara aiki a 2010. Tsawon layin kilomita 18 ne, tashoshi tara, uku a kowane wuri. Ta ƙarshe, Mina 3, ita ce ta Jamarat, kuma a nan ne za ka gane amfaninsa. Tashar tana sama, gada ta haɗa ta da wurin jifa, tsoho da ba shi da ƙarfin ƙafa ya huta da doguwar tafiya cikin rana.

Kowane jirgi yana da taragu 12, yana ɗaukar mutum 3,000, amma kujeru kaɗan ne, tsayuwa ce galibi. Ba a barin jama'a su afka wa dandamali gaba ɗaya. Ana tara ayari a zauren jira, jirgi ya tsaya, ƙofofin dandamali da na jirgi su buɗe tare, masu sauka su bi hanyarsu, masu shiga su bi tasu. Wannan tsari shi ne abin yabo, domin karon masu tafiya da masu dawowa shi ke haifar da turmutsitsi.

Tafiyar kanta ƴan mintoci ce, jira ne ke cin lokaci. Duk ayarin da ya saɓa wa lokacin da aka ba shi, sai ya taras da wani a gabansa, a tsaya a zafi. Don haka, Alhaji, kama ruwa tun a tanti, ka riƙe gorar ruwa da lema, ka bar babbar jaka. Hajiya mai keken guragu ta nemi lif, kada a ja ta kan matakala mai tafiya.

Tun kafin barin Maraɗi ku tambayi ajans ɗinku ko jirgi na cikin abin da kuka biya, don ba kowane ayari ake bai wa tikiti ba, wasu da bas ake kai su. Jirgin kuma ba ya kai wa Harami.

Ɓata ya fi yawa wajen dawowa. Tantunan Mina duk kama ɗaya, wanda ya sauka Mina 1 alhali tantinsa na kusa da Mina 2 zai sha yawo. Jagora ya rubuta wa kowa lambar tasha da ta tanti, musamman tsofaffinmu da ba su jin Larabci.