Daren da saksafon ya yi hira da konga

Wani abokin aikina ɗan Puerto Rico ne ya matsa mini. Shekara uku muna aiki tare a unguwar Bronx ta birnin New York, kullum in ya kunna kiɗansu a mota sai in ce hayaniya ce kawai, shi kuma ya ce ai ban taɓa jin sa a inda ya dace ba. Ran Asabar ɗin da ta wuce ya zo da tikiti biyu na shiga wani wasan kiɗa, ya ce yau ba gardama.

Wurin ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin wani bene a Manhattan, tebura a cunkushe har gwiwata na gugar ta wani dattijon Bature. Makaɗa biyar ne: mai saksafon (wani abin busa na ƙarfe), wanda shi ne uban tafiyar, sai mai fiyano, mai bas (abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya), mai gangunan Turawa da mai konga (doguwar ganga da ake bugawa da tafin hannu).

Mun samu wuri gaba-gaba, kuma wannan shi ne sa'ar daren. Daga nan kana jin numfashin mutumin kafin sautin ya fito, kana jin ƙas-ƙas ɗin maɓallan ƙarfen ƙarƙashin yatsunsa. Kafin ya fara sai da ya jiƙa ɗan siririn karan bakin abin busar da yawunsa, ya ɗaure shi, ya gwada sau biyu. Ban san lokacin da na tuna mai algaitar da ke bin hakimin garinmu ranar hawan sallah ba. Algaita kara biyu gare ta a baki, saksafon ɗaya, kuma wani ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙera shi, ya yi masa rajista a 1846. Amma da mutumin nan ya riƙe sauti guda ya ƙi saki, yana shaƙar iska ta hanci yana turawa da kumatu, wallahi dabarar masu algaita ce sak. Jijiyar wuyansa ta miƙe, ɗakin ya yi tsit, har mai kawo abin sha ta tsaya da faranti a hannu.

Sai dai ba busar ce ta fi kama ni ba. Abokina ya raɗa mini cewa in saurari klabe, wato bugu biyar da ake jerawa uku sannan biyu, ko biyu sannan uku, wanda kiɗan Kyuba yake tsaye a kansa. Wani lokaci ana buga shi da sanduna biyu, wani lokaci ba mai buga shi, amma kowa yana tafe a kansa. Da kunnena ya kama shi sai hayaniyar nan ta shekara uku ta warware. Mai saksafon zai jefa magana, mai konga ya mayar masa da tafin hannu, ya sake jefawa a karkace, wancan ya yi murmushi ya cafe. Kamar maroƙi da mai kalangu in sun saba da juna. Sun kai minti goma a haka, ban ƙosa ba ko kaɗan.

A tsakiyar wasan mai busar ya ɗan yi bayani, ya ambaci Mario Bauzá da Machito, 'yan Kyuban da suka haɗa kiɗansu da jaz a nan New York cikin shekarun 1940, da yadda shahararren mai busan jaz Dizzy Gillespie ya ɗauki makaɗin konga Chano Pozo a 1947. Pozo bai daɗe ba, an harbe shi a Harlem a 1948. Na ji daɗin bayanin, don bai ja shi ba.

Akwai inda wasan ya yi sanyi. Sun yi waƙa biyu na salon bosa noba na Brazil, irin wanda mai saksafon Stan Getz ya yayata a Amurka farkon shekarun 1960. Kiɗa ne mai laushi, amma bayan wutar da suka kunna sai na ji kamar an ba ni kunu bayan kilishi. Mai kongan ma zaman jira ya yi. Ga lasifikar fiyano da aka rage ƙwarai, kana ganin yatsun bawan Allah suna gudu amma rabin abin ba ya isowa.

Maganar kuɗi kuma, tikiti ba shi ne ƙarshe ba. Dole kowa ya sayi abin sha ko abinci na wani adadi, kuma ni da ba na shan giya lemo biyu na sha a kuɗin da zai saya mini shinkafa da nama a unguwarmu. Wasan bai wuce awa ɗaya da kwata ba aka kunna fitilu, aka fara share tebura don masu shigowa zagaye na biyu.

Duk da haka zan koma, kuma wanda zai je ya isa da wuri ya nemi kujera ta ɓangaren mai konga. A jirgin ƙasa muna komawa ina ta buga klabe a cinyata, abokina ya kalle ni ya ce na juya shi, biyun na sa a gaba.