Na biya riyal 300 a tantance min rigar Ahmed Musa

A wani shagon shayi a Karantina, nan Jidda, muka haɗu da wani mai sayar da rigar ƙwallo bayan sallar isha'i. Ya zaro rigar daga leda ya shimfiɗa ta a cinyarsa: jesin Najeriya na 2018, mai zanen kore da fari, hannuwa baƙi da fari, lamba 7 gaba da baya.

"Alhaji, wannan ba ta kanti ba ce," in ji shi. "Cikin waɗanda aka ware wa Ahmed Musa ne ranar wasan Iceland, bai dai saka ta ba."

Ya san inda zai kama ni. Ranar 22 ga Yuni 2018 a Volgograd, a gasar cin kofin duniya, Musa ya ci Iceland biyu, mu kuma a nan muka kusa fasa falon da muke kallo. Ba a jima ba ya koma Al-Nassr a Riyad, ya zama namu sau biyu, mu 'yan Najeriya mazauna Saudiyya. Riyal 2,200 na ƙirga masa, ya haɗa min da wata takardar shaida mai hatimi ruwan zinare.

Shekara shida ina tara rigunan ƙwallo, amma duk na kanti ne. Masu wannan harka hawa huɗu suke kasa su. Akwai ta 'yan kallo da ake sayarwa a shago. Akwai irin ta 'yan wasa, mai kama jiki mara nauyi, wadda ita ma wani lokaci ana sayarwa. Sai wadda aka buga wa suna da lamba aka rataye a ɗakin canja kaya don wani wasa takamaimai, ko an saka ko ba a saka ba, tunda kowane ɗan wasa ana tanadar masa fiye da ɗaya. A sama kuma wadda aka yi gumi a cikinta. Tsakanin hawa na biyu da na uku kuɗi suke, nan kuma 'yan damfara suka kafa bukka.

Yayana ne ya tsokano min shakka. Ya juya rigar ya ce, "Kai, takardar nan wa ya ba da ita? Ni ma in ka ba ni kwamfuta zan buga maka goma kafin asuba." Shi ya sa na nemi wasu masu tantance riguna ta intanet, a Ingila suke, na biya abin da ya kama riyal 300.

Hotuna goma sha huɗu suka nema, kuma ba na wasa ba. Cikin wuya, ɗinkin hammata, bayan tambarin ƙirji daga ciki, ƙaramar alamar nan da ke ɓoye a gefen ƙugu mai ɗauke da lambar samfur ta Nike, sannan tsayin lamba 7 da abin awo a kwance kusa da ita. Sau uku suna mayar min da hoton alamar wai hasken waya ya kashe rubutun. Sai da na fita baranda da sassafe, maiɗakina ta riƙe min rigar tana min dariya, kafin suka karɓa.

Rahoton shafi uku ne, kuma a nan kuɗina suka yi aiki. Sun ce yadin da ɗinkin na Nike ne na gaske, irin na 'yan wasa, lambar samfur ta dace. Sai suka zo kan tambarin gasar cin kofin duniya da ke hannun dama. Sun ɗora hotona kusa da hotunan Musa na ranar wasan, suka ja layi: tambarin tawa ya sauko ƙasa da inda nasa yake, kuma a gefensa akwai ɗan ƙyalli, shaidar ƙarfen guga na gida maimakon injin matsewa. Na ɗauko rigar na karkata ta ga fitila, ga shi nan kuwa, wani siririn da'ira kamar sawun kofin shayi a kan tebur. Wata uku ina kallonta ban taɓa gani ba.

Hukuncinsu: riga ce irin ta 'yan wasa, an manna mata tambari daga baya, babu abin da ke haɗa ta da wasan Iceland. Ba su ce jabu ce ba, ba su kuma yarda su rubuta abin da hoto bai nuna ba. Da farko raina ya ɓaci, don na so a ce min eh ko a'a. Daga baya na tuna rigar Maradona ta 1986 da tsohon ɗan wasan Ingila Steve Hodge ya sayar ta hannun kamfanin gwanjo na Sotheby's a 2022 kan fam miliyan 7.1. Ita ma sai da 'yar Maradona ta ce ta zagayen farko ce, ba wadda ya ci Ingila da ita ba, kuma da gwada ta da hotunan wasan aka kare cinikin. Wadda aka saka tana da zare da ya zame ko tabo da za a bi. Wadda ba a saka ba, ba ta fito a hoto ko ɗaya ba, sai dai a bi hannun da ta biyo tun daga mai kula da kayan 'yan wasa. Tawa ba ta da wannan salsala.

Inda masu tantancewar suka gaza: sun yi alkawarin kwana biyar, sai a na goma sha ɗaya rahoto ya iso, kuma ba wanda ya ce min uffan a tsakani. Da Turanci kawai suke rubutu, babu ko Larabci, alhali yanzu masu neman rigunan Ronaldo da ɗan wasan Saudiyya Salem Al-Dawsari sun cika ƙasar nan. Duk da haka zan koma, sai dai wannan karon kafin in biya mai riga, ba bayan na biya ba.

Na tura wa mutumin Karantina shafi na biyu ta WhatsApp. Ya kira ni ya ce, "Alhaji, wallahi ni ma haka aka faɗa min." Ya dawo min da riyal 900, sauran ya ce sai bayan Hajji.