Lhasa da Boerboel, kowanne wata 8: wa za a fara sauya wa abinci?

Malam, na karanta tambayarka. Ka ce kana da ƴan kwikwiyo biyu da aka haifa kusan lokaci ɗaya, yanzu kowanne yana da wata 8: ƙaramar Lhasa da yara ke wasa da ita a cikin gida, da Boerboel ɗin da ka saya saboda gadi. Mai sayar maka da abinci ya ce tun suna wata 6 ya kamata ka mayar da su kan abincin manya, musamman shi babban, tunda ya riga ya zama ƙato. Kai kuma kuɗin buhun abincin kwikwiyo ya fara isarka.

Mai shagon ya yi musu kuɗin goro, kuma ya juya lissafin a baibai. A cikin su biyun, ƙaramar ce ta kusa gama girma. Shi wannan ƙaton da baƙi ke gani su ja da baya, har yanzu yaro ne, kuma yana da sauran tafiya mai nisa.

Lhasa idan ta cika girma ba ta cika wuce kilo 6 zuwa 8 ba. Irin waɗannan ƙananan karnuka suna kammala girman ƙashinsu tsakanin wata 9 zuwa 12. Taka ke nan saura mata wata ɗaya ko biyu, ko kuma huɗu idan an ja. Boerboel kuwa, kare ne da aka samar a Afirka ta Kudu don tsaron gonaki, namijinsa yakan haura kilo 60. Irinsa ba ya gama girma sai wata 18, wani har wata 24. Tsakaninsu akwai Alsatian da Rottweiler, waɗanda ake sauya wa abinci daga wata 12 zuwa 18, sai karenmu na gida mai matsakaicin jiki da shekara ɗaya ta ishe shi. Ko kamfanonin abincin ma haka suka rarraba. Duba buhunan abincin kwikwiyo na kamfanin Royal Canin: na ƙananan karnuka an rubuta zuwa wata 10, na matsakaita zuwa wata 12, na masu babban jiki zuwa wata 15, na ƙattai kuwa har kashi biyu suka yi masa, ɗaya zuwa wata 8, ɗayan daga nan zuwa wata 18 ko 24.

Dalilin yana cikin ƙashi. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na ƙafar kwikwiyo akwai wani wuri mai laushi kamar guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo. Muddin wurin nan bai rufe ya ƙeƙashe ba, kare yana kan girma, komai faɗin ƙirjinsa da kaurin muryarsa. Na Lhasa yana rufewa da wuri. Na Boerboel yana daɗewa a buɗe, ga shi kuma yana ɗauke da nauyin da ya ninka na Lhasa sau da yawa a kan wannan ƙashi da bai gama nuna ba.

To mene ne bambancin abincin biyu, banda farashi? Akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna AAFCO da ke fitar da ma'aunin da yawancin kamfanoni ke bi. A ma'auninsu, idan an cire ruwan da ke cikin abincin, na kwikwiyo dole ya ƙunshi aƙalla kashi 22.5 cikin ɗari na furotin, wato sinadarin gina jiki, na manya kashi 18. Maiƙo: na kwikwiyo 8.5, na manya 5.5. Kalsiyam, wanda shi ne tubalin ƙashi: na kwikwiyo aƙalla 1.2, na manya 0.5. Ka lura da wannan na ƙarshen, ya fi ninki biyu. Wato ana iya samun abincin manya wanda ya cika duk sharaɗinsa, amma idan ka ɗora kwikwiyo mai girma a kansa ka rage masa fiye da rabin abin da ƙashinsa ke nema. Ba kowane buhu ne ke tsayawa a wannan ƙaramin adadi ba, wasu sun fi haka sosai, sai dai kai da ka sayi buhu a kasuwa ba ka da tabbacin wanne ne ya faɗo hannunka.

Yanzu mu ɗora su a faranti ɗaya mu ga abin da kuskure zai jawo wa kowanne.

Idan ka sauya wa Lhasa yau tana wata 8, ka yi ɗan gaggawa, amma ba wani bala'i ba ne, ta riga ta kusa kai tsawonta. Haɗarinta yana ta ɗaya ɓangaren: ka manta ka bar ta a kan abincin kwikwiyo har ta shekara ɗaya da rabi. Abinci ne mai nauyi, ita kuma ba gudu take yi ba, daga falo sai tsakar gida, ga yara suna miƙa mata biskit a ɓoye. Sai ta yi teɓa, kuma da yake gashi ya rufe ta ba za ka gani ba sai ranar da aka yi mata aski. Idan an yi mata aikin hana haihuwa abin ya fi sauri, domin bayan aikin buƙatar jiki ga abinci tana raguwa, cin kuwa ba ya raguwa.

Boerboel kuwa ta kowane ɓangare ana iya cutarsa, kuma a nan nake so ka tsaya ka saurare ni. Idan ka sauya masa da wuri, ka rage masa kayan gini alhali ginin bai kai linta ba. Idan kuma ka ce bari ka cika shi da abinci don ya yi saurin zama dodo, wannan ma ɓarna ce, wataƙila ma ta fi ta farko. Kwikwiyon babban kare da aka ɗura wa abinci yana yin nauyi kafin ƙashinsa ya iya ɗauka, daga nan matsalar ƙugu da gwiwar ƙafar gaba ke samun ƙofa, musamman ga wanda ya gado ta daga iyaye. Girman da zai kai a ƙarshe yana cikin jininsa. Ɗura ba ta ƙara masa ko taƙi ɗaya, sai dai ta kai shi can da sauri da gurguwar ƙafa.

Sai maganar kalsiyam, inda mutanenmu suka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Karen da ya gama girma idan ya ci kalsiyam fiye da buƙata, hanjinsa yana ɗaukar abin da yake so ya bar saura ya fita. Kwikwiyo, musamman kafin wata 6, bai iya wannan tacewar sosai ba, abin da aka ba shi yake kwasa. An gwada wannan a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a kan ƴan kwikwiyon wani irin ƙaton kare mai suna Great Dane, waɗanda aka cika wa kalsiyam suka fito da lalacewar ƙashi da gaɓoɓi. Shi ya sa AAFCO ta sa iyaka: abincin kwikwiyon da zai kai kimanin kilo 32 ko fiye idan ya girma, kada kalsiyam ɗinsa ya wuce kashi 1.8. Lhasa ba ruwanta da wannan iyaka, Boerboel kuwa saboda irinsa aka sa ta.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Alsatian ɗina na farko yana wata 4 wani mai sayar da magungunan dabbobi ya haɗa ni da ƙwayoyin kalsiyam da garin ƙashi, wai ƙafa za ta yi kauri, kunne zai miƙe. Ina barbaɗa masa a kan abincin da dama can yana da nasa. Bayan wasu makonni na ga yana ɗingishi idan ya tashi daga barci, ƙafafun gaba sun fara buɗewa kamar na ɗan agwagwa. Likitan dabbobi da ya duba shi, tambayarsa ta farko ita ce, "Me kake ƙara masa?" Na zayyana. Ya ce in kwashe su duka in zubar. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma har ya tsufa tafiyarsa ba ta koma daidai sak ba.

Saboda haka abin da Boerboel ɗinka ke buƙata ba abincin kwikwiyo kawai ba ne, na kwikwiyon manyan karnuka ne. A jikin buhu za ka ga an rubuta Large Breed Puppy ko Giant. Idan ka ga All Life Stages, ma'anarsa ya cika sharaɗin kwikwiyo, kowa na iya ci, amma ka juya bayan buhun ka duba ko an ce ya haɗa da girman manyan karnuka, don wasu suna rubuta cewa ban da su. Wannan nau'in zai iya sauƙaƙa maka, buhu ɗaya ya ciyar da su biyun, kowa da ma'auninsa.

Ban ce ka dogara da kalanda kaɗai ba. Sikeli ya fi ta gaskiya. Lhasa abu ne mai sauƙi: ka hau sikelin banɗaki kai kaɗai, ka sake hawa da ita a hannu, ka debe. Idan wata biyu a jere nauyi da tsawo sun tsaya, kuma ta fara barin saura a kwano, lokaci ya yi. Boerboel sai dai sikelin asibitin dabbobi, ba na ba ka shawarar ɗaukarsa ba. Sannan ka riƙa shafa haƙarƙarinsu. Ya kamata yatsunka su ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka. Idan ka tsaya ta sama ka kalle shi, ka ga ƙugu ya ɗan tsuke bayan haƙarƙari. Na san maƙwabta za su ce ba ka ba shi abinci. Ka bar su su faɗa, kwikwiyon babban kare gara ya ɗan yi shafal da ya yi jibgegen ciki.

Ranar sauyawa kuwa dokarsu ɗaya ce, ba a yi dare ɗaya. Kwana 7 zuwa 10 ake ɗauka. Kwana biyu ko uku na farko, kashi ɗaya sabo, kashi uku tsoho. Sai rabi da rabi. Sai uku sabo, ɗaya tsoho. Sannan sabo zalla. Kada ka jira sai tsohon buhu ya ƙare tas kafin ka sayo sabo, nan ne mutane ke makara. Idan kashin da kare ke yi ya yi laushi, ka koma matakin baya ka ƙara kwana biyu. Amma gudawa mai jini da wari, ga amai, ga kare ya kwanta ya ƙi ci, wannan ba sauyin abinci ba ne, yana iya zama cutar fabo, a kai shi asibiti a ranar. A wata 8 dukansu sau biyu a rana ya ishe su, safe da yamma. Shi babban kada ka haɗa masa duka a ci ɗaya, kuma kada a sake shi guje-guje da cikakken ciki, don manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya murɗewa.

Batun kuɗi, na fahimce ka, don Boerboel ba ƙaramin ci yake yi ba. Idan dole sai ka rage, ka rage ta wajen suna: ka sauko daga na waje mai tsada zuwa wani mai sauƙi wanda shi ma na kwikwiyo ne, maimakon ka tsallaka zuwa na manya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cike gibin da ragowar tuwo da shinkafa har su zama rabin kwano, don ciki zai cika, ƙashi bai samu komai ba. Miyarmu kuma ba ta rabuwa da albasa, ita kuwa albasa tana lalata jinin kare. Haka nan wanda ake auna maka a mudu daga buɗaɗɗen buhu, ba ka ga rubutun ba, ba ka san ranar da aka buɗe shi ba, ga damina tana sa shi fumfuna.

Da ni ne kai, Lhasa zan bar ta ta kai wata 10 in fara gaurayawa. Boerboel ba zan taɓa masa kwano ba kafin wata 18, daga nan in kai shi likita ya duba ko ya tsaya da girma. Kafin nan ka raba musu wurin ci, ka ɗauke kwanon kowa bayan minti 15, don da zarar ka sauya wa Lhasa za ta gane na ɗan'uwanta ya fi maiƙo, kuma za ka same ta da kai a cikin kwanonsa.